Aili Kivela, Mai Ƙirgar Sandunan Gado

Shekarar da tsutsa ta faɗa wa daji, Aili Rantala tana 'yar shekara takwas. Gidansu na katako yana arewa da babban tafki, can inda hanya ta ƙare, ubanta kuwa mai saran itace ne kamar yawancin mutanen Finland da suka zauna a wannan yanki na Ontariyo. A watan Yuni, in ka tsaya ƙarƙashin itatuwa sai ka ji kamar ana yayyafi alhali sama tas take. Kashin tsutsa ne ke zuba daga rassa. Kafin shekara uku dajin ya yi ja, ya koma toka-toka, gobara ta zo ta lashe abin da ya saura. Uban ya jingine gatarinsa, ya kwashe iyalinsa zuwa gari, ya ƙare rayuwarsa yana sharar dusar ƙanƙara a tashar jirgin ƙasa.

Da Aili ta kai sha tara, a 1957, aka ɗauke ta wankin kwalabe a gidan binciken ƙwarin daji da ke bakin gari. Can ta tarar ashe tsutsar da ta kore su daga gida kiwonta ake yi, ana ba ta abinci a kan kari, ana auna mata ɗumi. Mai kiwon wata mace ce mai suna Solange, 'yar asalin Kwibek, mai faɗin baki da yawan dariya.

"Ke 'yar Finland," in ji Solange ran farko, "ki saki fuska. Kina kallon 'ya'yana kamar sun ci miki tuwo."

"Sun ci," in ji Aili. Ta juya ga kwalabenta.

A wata na huɗu wani bututun gilashi ya fashe a hannun Solange, wani ɗan tsinin da ido ba ya gani sosai ya shige ƙarƙashin farcenta. Tana ta ihu tana kiran waliyyai, Aili ta kama yatsan, ta ɗauki allura, ta zaro shi a tashi ɗaya ba tare da ɗigon jini ba. Wani dattijo siriri yana tsaye a bakin ƙofa yana kallo. Dakta Kalnins ne, mutumin Latbiya da yaƙi ya raba da ƙasarsa, wanda ke da ɗakin ƙarshe a bene, mai taga ta arewa.

"Malama Rantala," ya ce, "miƙo hannunki in gani."

Ta miƙa. Ya daɗe yana dubansa a sararin iska, hannun bai ko motsa ba.

"Daga Litinin wani ne zai wanke kwalabe."

Shi ya koya mata aikin da ta yi har ƙarshen ƙarfinta. A ɗauki namijin tsutsa da ya kusa shiga kwasfa, a tsaga bayansa da allura biyu, a ciro marainansa da ba su kai ƙwayar gero ba. A jiƙa su a ruwan tsami, a ɗiga musu jan rini, a sa tsakanin fallen gilashi biyu, a danna da babban yatsa. In ka danna da sauƙi ba za ka ga komai ba, in ka matsa da yawa ka lalata. Daga nan sai madubin ƙara girma.

Kafin ya bar ta ta duba tsutsa, sai da ya sa mata gilashin fara.

"Me kika gani?"

"Wasu 'yan sanduna, Dakta. Jajaye."

"Su ake kira kuromosom. Duk abin da uba da uwa suka bar wa ɗa, a cikinsu yake. Kowace sanda tana da maɗauri guda ɗaya tak. Idan ƙwayar halitta za ta rabu biyu, a nan zare ke kamawa ya ja rabi nan, rabi can. Haka suke a fara, haka a saniya, haka a jikinki, har ma za ki ga namu sun tsuke a wurin kamar mace ta ci ɗamara. To in sandar ta karye, guntun da ba shi da maɗauri ba mai jansa. A baya ake barinsa, ya ɓace da duk abin da ke cikinsa. Yanzu duba wannan."

Ya canza gilashi. Wannan karon ba sanduna ta gani ba, ɗige-ɗige ne ƙanana, a jere kamar an watsa ridi a faranti.

"Ina ɗamarar tasu?" ta tambaya.

"Babu. Faɗa-wuta, wanda shi wannan tsutsa ke zama in ta girma, da malam-buɗe-littafi ba su da ita. Zare yana kama nasu ne daga wannan kai zuwa wancan, duk tsawon jiki. Ƙirga mini."

Ta ƙirga sau uku, idonta na hawaye. "Talatin."

"Talatin," ya ce. Ya cire tabarau ya goge. Wannan ita ce iyakar yabonsa.

A 1960 ta auri Reino Kivela. A wurin rawa na zauren 'yan Finland suka haɗu, ya taka mata ƙafa sau biyu, ya ce laifin takalminta ne. Ƙato ne mai sanyin hali, yana haƙar yuraniyom a wani rami mai nisan awa biyu a mota tun yana ɗan shekara ashirin. Ranar Juma'a da yamma yake dawowa gida, Asabar ya hura wutar ɗakin wankan tururi da ya gina da hannunsa a bayan gida, Lahadi bayan coci ya koma. Allah bai ba su haihuwa ba, ba su kuma tsaya neman na wa ne laifi ba.

Shekara biyar bayan auren aka kawo wani akwatin darma mai nauyin mota aka kafa a ƙasan ginin. A cikinsa akwai wani ƙarfe mai fitar da haske marar ganuwa, irin wanda ke ratsa jiki ya kakkarya sandunan gado. Dabarar ita ce a gasa mazan faɗa-wuta da shi har su kasa haihuwa, a sake su a daji, matan da suka sadu da su su yi ƙwai holoƙo. An yi wa wani ƙuda haka a kudu, aka ci nasara.

Faɗa-wuta suka ƙi. Hasken da zai mayar da ƙuda juya, su sai su sha shi su fito su ci gaba da barbara, ƙwai kuma ya ƙyanƙyashe. Solange ta rene 'ya'yan, Aili ta tsaga su ta duba. Maimakon ɗigo talatin sai ta ga talatin da huɗu, talatin da bakwai, wasu a sarƙe da juna kamar sarƙa. Guntayen da hasken ya karya daga jikin uba ba su ɓace ba, zare ya kama kowanne ya kawo shi jikin ɗa. Sai a wurin 'ya'yan ne abin ya cuɗe har haihuwa ta gagara.

Ta kira Dakta Kalnins. Ya duba, ya ce wasu masana a yamma sun ga alamar haka a tsutsar tuffa, amma bai taɓa ganin gilashi mai tsabta kamar nata ba. Murna ta sa har ya yi fito. Ita kuwa tana tsaye, hankalinta ya tafi wani wuri.

"Dakta, wannan hasken na cikin akwati. Ɗan'uwansa ne ke cikin dutsen da mijina yake fasawa?"

Ya daina fito. "Ba iri ɗaya ba ne daidai. Nasu iska ce da ƙura, shaƙa suke yi. Amma ɓarnar ɗaya ce."

"Mu kuwa masu ɗamara ne."

"Mu masu ɗamara ne," ya ce a hankali.

Ran Asabar, bayan wankan tururi, suna zaune a dakalin baya da kofi da burodin da ta gasa, ta gaya wa Reino duk abin da ta gani, ta roƙe shi ya bar ramin.

"Uwargida," ya ce yana dariya, "shekara takwas kina leƙen marainan tsutsa ban ce uffan ba. Yanzu kuma ni kika mayar faɗa-wuta?"

"Da ma kai ne. Da ban damu ba."

Ya ga ba wasa take ba, ya ajiye kofin. Ya ce ya ji, amma shi bai iya komai ba sai fasa dutse, kuma mutum goma sha biyu ne a ƙungiyarsa, ba zai zare jiki ya bar su ba saboda matarsa ta ga ɗige-ɗige a madubi. Suka yi ta wannan magana shekara uku, wani lokaci da lallashi, wani lokaci da kwanaki na shiru. A 1968 ya haƙura ya bar ramin, ya koma tuƙin motar share hanya a gari. Aili ta ɗauka ta ci nasara.

Tari ya fara masa a kakar 1972. Kafin dusar ƙanƙara ta farko likitoci sun ɗauki hoton ƙirjinsa sun ce ciwon daji ne a huhun dama, ya kuma wuce a yanke. Likitan ya tambaye shi ko yana shan taba. Ya ce ƙwaya biyar a rana. Likitan ya rubuta, ya rufe takarda, bai tambayi inda ya yi aiki shekara goma sha biyu ba.

Da safiyar Litinin Aili ta shiga ɗakin Dakta Kalnins ta rufe ƙofa.

"Ina so in duba jininsa."

"Malama Kivela, abin da za ki gani ba zai warkar da shi ba."

"Na sani."

"Kuma ba ki taɓa yin na mutum ba."

"Sai ka koya mini."

Ya ɗauki hularsa ya fita. Da rana ya dawo da 'yan kwalabe daga wurin wani abokinsa da ke gwajin jini a asibiti. Ƙanwar Solange nas ce, ita ta zo gida ta ɗebi jinin Reino, Aili ta ce ta ɗebi nata ma don a samu abin kwatantawa. Kwana uku jinin ya yi a cikin akwatin ɗumi na tsutsa, wanda Solange ta kwashe 'ya'yanta daga ciki ta ƙara masa zafi ya kai na jikin mutum. A kwanakin nan ba wanda ya ji Solange ta yi wa kowa ba'a.

Shekara goma sha biyar Aili tana ƙirgar ɗige-ɗige, ranar ce ta fara ganin na ɗan Adam. Dogaye ne, kyawawa, kowanne da tsukakken ƙugunsa. Ta ƙirga arba'in da shida. Ƙwaya ta biyu, arba'in da shida. Ta goma, ta hamsin, ta tamanin, duk lafiya, har ta fara jin kunyar kanta. A ta casa'in da uku ta ga wata doguwar sanda mai ɗamara biyu, sanduna biyu ne da suka karye suka manne ba daidai ba. Gefenta ga guntu nan a yashe, ba shi da maɗauri ko ɗaya. Ta janye idonta, ta kalli taga har numfashinta ya dawo, ta ɗauki fensir ta zana shi yadda yake. Ta ci gaba. Mako biyu ta yi. A ƙwaya ɗari biyar na Reino ta samu irin wannan guda bakwai. A ɗari biyar nata ba ta samu ko ɗaya ba.

Ta yi niyyar ɓoye masa, amma Reino ya san fuskar matarsa. Ya ce a kai shi ya gani. Wata Lahadi da rana ta tuƙa shi zuwa gidan binciken, ya hau benen yana hutawa a kowace matakala ta uku. Ya sunkuya kan madubin, ya runtse ido ɗaya da ƙarfi kamar mai harbin barewa.

"Waɗannan ne ni?" ya ce. "Kai! Sai ka ce 'yan rawa sun sha ɗamara. Wannan kuma mai guda biyu fa, shi ne sarkin kwalliya?"

"Shi ne ɓarnar."

Ya daɗe a sunkuye. Da ya ɗago, dariyar ta bar fuskarsa.

"Aili, ki yi wa sauran ma. Abokan aikina su Veikko suna can ƙasa har yau."

Haka aka yi ta zuwa gidansu duk Asabar cikin hunturun. Mazan su zo da hulunansu a hannu, su zauna a kicin, nas ta ɗebi jini, Aili ta zuba kofi. Suna tsokanar juna a kan wa ya fi tsoron allura, Reino yana kwance a doguwar kujera yana sa musu baki in tari ya bar shi. Mutum goma sha ɗaya ta yi. Dakta Kalnins ya je wurin shugaban gidan binciken ya ce shi ne ya ba da izini, in akwai hukunci a kansa ne. Cikin sha ɗayan, tara sun nuna ɓarna fiye da ta sauran mutane. Biyu kuwa jininsu tas yake kamar nata, ɗayansu Veikko Tuominen ne, wanda shi ma ya riga ya fara tari. Ta sake ƙirga nasa har sau biyu. Ta rubuta abin da ta samu.

Reino ya rasu a watan Maris na 1973, ƙanƙarar tafki ba ta fashe ba tukuna. Shekararsa talatin da bakwai. Veikko ya bi shi kafin Kirsimeti.

Shekara ta zagayo, mahaƙa suka yi yajin aiki saboda yawan masu mutuwa, hukuma ta kafa kwamitin sauraron shaidu a zauren wani otal. Matan mamatan suka roƙi Aili ta je. Hilkka, matar Veikko, ita ta guge mata rigar da za ta sa. Aili ta tsaya gaban mutum uku a kan dogon tebur, ta buɗe littafinta ta karanta sunaye da adadi. Sai lauyan masu ramin ya miƙe, mutum mai ladabi ƙwarai.

"Madam Kivela, ina miki ta'aziyya. Wace jami'a kika yi?"

"Ban yi ba. Aji goma na tsaya."

"Aikinki na yau da kullum fa?"

"Ƙirgar sandunan gadon faɗa-wuta."

Wani ya yi dariya a baya. Dakta Kalnins ya miƙe daga cikin jama'a ba tare da an kira shi ba, ya ce shekara arba'in yana wannan sana'a a ƙasashe uku, kuma in ƙirgarsa ta saɓa da ta wannan baiwar Allah, tasa yake sake dubawa. Shugaban kwamiti ya ce ya zauna, an ji.

"To Madam," in ji lauyan, "za ki iya rantsuwa cewa waɗannan karayar da kika gani su suka kashe mijinki?"

 Aili ta ji idanun matan a bayan wuyanta. Ta san amsar da suke jira, ita ma ita zuciyarta ke so.

"A'a," ta ce. "Jini na duba, ban duba huhu ba. Abin da zan iya cewa, wani abu ya kakkarya musu sanduna fiye da na sauran mutane, kuma na san abin da ke yin irin wannan karaya, don kullum ina ganin aikinsa. Iyakar abin da na ƙirga ke nan."

"Marigayi Tuominen kuma, na ga kin rubuta babu komai a nasa."

"Babu."

A bakin ƙofa Hilkka ta tare ta, fuskarta ta yi fari fat.

"Kalma ɗaya, Aili. Kalma ɗaya aka roƙe ki. Mijinki ne fa! Nawa kuma kin wanke masu ramin a kansa a gaban kowa."

"Yaya Hilkka, in na ƙara ko guda ɗaya da ban gani ba, duk sauran sun tashi a banza."

"Ki je ki gaya wa tsutsotsinki."

Da rahoton kwamitin ya fito, layi biyu aka ba aikinta. Abin da ya sa aka yarda ramin ne ke kawo ciwon, lissafin mamata ne da wasu likitoci suka haɗa daga baya. Aka ƙara injinan fitar da iska a ƙarƙashin ƙasa, aka sa ciwon huhun mahaƙa cikin cututtukan aiki, har da na Reino da na Veikko. Aili ba ta taɓa cewa da hannunta a ciki ba, in an ce mata haka ma sai ta girgiza kai.

Ta koma tagarta ta arewa. Shirin gasa faɗa-wuta ya mutu da kansa, don dajin ya fi ƙarfin duk mazan da Solange za ta iya renawa, aka zo aka ɗauke akwatin darma. Amma ƙirga ba ta ƙare ba. Masana daga nesa suka riƙa aiko mata da ƙwari a cikin 'yan kwalabe, ta ga malam-buɗe-littafi mai ɗigo goma sha, ta ga wani ɗan shuɗi da nasa suka farfashe tun kaka da kakanni har suka haura tamanin, yana kuma tashi lafiya lau. Dakta Kalnins ya rasu a 1981. Takardarsa ta ƙarshe ta fito da sunanta a gaban nasa, bai kuwa gaya mata ba kafin ya aika. A 1986 yanar ido ta fara rufe mata na dama, ta ajiye aiki. Gidan binciken ya ba ta tsohon madubinta ta tafi da shi.

Shekara goma sha huɗu Hilkka ba ta yi mata magana ba. A coci ɗaya suke, in sun haɗu a ƙofa kowacce ta dubi littafin waƙarta. Wata ranar Laraba da hantsi, cikin watan Mayu, aka ƙwanƙwasa ƙofar kicin. Hilkka ce, ta tsufa, tana riƙe da jakarta da hannu biyu.

"An ce kin ajiye su," ta ce.

Aili ta ɗauko akwatin katakon da ta jera gilasan jinin mahaƙan a ciki daga saman kabad, ta bi sunaye da yatsa har ta kai Tuominen. Ta ɗora madubin a teburin cin abinci inda rana ke shigowa, ta saita shi da idonta na hagu. Rinin ya kodɗe, amma ana gani. Hilkka ta sunkuya, ta kasa, Aili ta nuna mata yadda za ta rufe ido ɗaya da tafin hannu.

"Nasa ne?"

"Nasa ne."

"Ba abin da ya same su."

"A nan dai babu. Ban san dalili ba, Yaya. Har yau ban sani ba."

Hilkka ta ci gaba da kallo har ruwan da ke kan wuta ya tafasa ya fara ƙonewa. Da ta ɗago ta share idonta da bayan hannu, ta ce kicin ɗin yana buƙatar fenti, kuma ɗanta zai iya zuwa ran Asabar in Aili ba ta da wani. Aili ta ce ba ta da wani.

Ta ƙara shekara ashirin da uku a gidan. Ta rasu a 2011, aka binne ta kusa da Reino a maƙabartar da ke gefen hanyar tafki. Solange ce, tana dogara sanda, ta yi jawabi a coci, ta sa mutane dariya sau biyu kafin muryarta ta ƙi fita.